Dashen Ɓaure A Ƙasashen Sanyi

A wannan mako filin manoma zai leƙa Ingila da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita, inda sanyi ya ke mai da ruwa dutse, domin a ga yadda masu lambu su ke samun 'ya'yan ɓaure a ƙasar da ba ta ɓaure ba. Duk mai son wannan itace a can, tambaya ɗaya ce ke gabansa tun da fari, watau iri zai shuka, ko kuwa reshe zai yanko ya dasa. Wanda ya zaɓa daidai ya kan ci 'ya'ya bayan shekara biyu ko uku. Wanda ya kuskure kuwa ya kan yi shekara biyar ko fiye yana ban ruwa yana zuba taki, ƙarshenta ya tashi da inuwa kaɗai. Manomin da ya saba da dashen rogo ko cediya, in ya karanta, zai ga ashe ya riga ya san rabin karatun.

WANE IRIN ƁAURE NE?

Ɓauren da a ke magana ba shi ne wanda ke tsirowa bakin rafi a ƙasar Hausa ba, amma dai 'yan gida ɗaya ne. Gidan nan babba ne, masana sun ƙidaya itatuwa iri iri wajen 800 a cikinsa, har da cediya da durumi da gamji da kawuri. Wannan na lambu shi ne Larabawa ke kira tin, wanda sura ta 95 ta Alƙur'ani ke ɗauke da sunansa. Masana tsirrai kuwa suna ce masa Ficus carica. Asalinsa daga yammacin Asiya ne da ƙasashen gaɓar Bahar Rum. Turkiyya ta fi kowace ƙasa noma shi, a shekarar 2020 ta sami tan 320,000. Busassun 'ya'yansa ne alhazai kan zo da su tsaraba, a kan kuma same su a manyan kantuna.

Itacen ba ya girma kamar gamji. Ganyensa faffaɗa ne mai yatsu uku ko biyar, kamar tafin hannu. Babban abin da ya raba shi da 'yan'uwansa na ƙasashen zafi shi ne, in sanyi ya shigo sai ya zubar da ganye duka, ya yi barci har wata huɗu ko biyar. Barcin nan ne ke tsirar da shi. A ma'aunin zafi na santigired ruwa yana daskarewa a sifiri. Hunturun ƙasar Hausa, kome tsananinsa, ba safai ya ke kai nan ba, amma ɓauren lambu da ya riƙa yana iya jure wa digiri 10 ƙasa da sifiri muddin yana cikin barci.

Mutanen Ingila sun daɗe da sanin ɓaure. Masu tonon kufai sun sami ƙwayoyinsa a Landan tun na zamanin da Rumawa ke mulkin ƙasar. A fadar Lambeth, mazaunin babban limamin cocin Ingila, akwai wani ɓaure jikin bango, an ce Kadinal Reginald Pole ne ya dasa shi a shekarar 1556. A 2014 Akbishop Justin Welby ya kai wa Fafaroma Francis dashen da aka yanko daga jikinsa kyauta. A ƙauyen Tarring kuma, kusa da teku ta kudancin Ingila, an yi lambun ɓaure tun ƙarni na 18, ragowarsa na nan.

ƘWARON DA KE CIKIN ƁAURE

Kowa ya taɓa fasa ɗan ɓaure ya san ba a rasa 'yan ƙwari a ciki. Ƙwarin nan ba ɓarna su ke yi ba, aiki su ke yi. Ba wanda ya taɓa ganin furen ɓaure a waje, domin furanninsa ɗaruruwa suna ɓoye cikin abin da a ke kira ɗan ɓaure, ba kuwa wata ƙofa sai ɗan idon nan da ke ƙarshensa. Zuma ba ta shiga, iska ma ba ta kai garin fure ciki. Sai wani ƙwaro ɗan mitsitsi, dangin zanzaro, wanda tsawonsa bai wuce milimita 2 ba. Kusan kowane irin ɓaure da nasa ƙwaron. Na ɓauren lambu masana suna kiransa Blastophaga, na ɓauren bakin rafi ba ya yi masa aiki.

Ɓauren lambu kuwa akwai namiji akwai tamata. Namijin 'ya'yansa busassu ne ba a ci, Turawa suna ce masa ɓauren awaki. A cikinsa ƙwaron ke yin ƙwai, a cikinsa kuma garin fure ya ke. In matan ƙwarin sun ƙyanƙyashe, su kan fito jikinsu duk gari, su tashi neman wani ɓaure. Wadda ta faɗa cikin ɗan ɓaure na tamata ba ta iya ƙwai a nan, sai ta bar garin da ta kwaso ta mutu, ƙwayoyin ciki su cika, ɓauren ya nuna. Shi ya sa manoman Turkiyya su kan tsinko 'ya'yan namijin cikin watan Yuni su rataya bisa rassan matan.

To, ƙwaron nan ba ya zama a Ingila. Da a ce kowane ɓaure sai da shi, da ba wanda ya taɓa cin ɓauren Ingila. Amma matan kashi uku ne. Kashi na ɗaya, wanda a ke kira na Simirna, watau birnin Izmir na Turkiyya, in ƙwaro bai shiga ba sai 'ya'yan su kakkaɓe tun suna ɗanyu. Kashi na biyu, mai suna San Pedro, 'ya'yansa na fari suna nuna ba tare da ƙwaro ba, na biyu kuwa sai da shi. Kashi na uku shi ne gama gari, yana nuna ko babu ƙwaro sam. Wannan na uku shi ne abin dogaron mai lambu a ƙasar sanyi. Sai dai ƙwayoyin da ke cikinsa holoƙo ne, ko an shuka ba su tsirowa.

Rashin sanin wannan ya taɓa jawo babbar hasara a Amurka. Tsakanin 1880 da 1882 wata jarida ta birnin San Francisco, mai suna Bulletin, ta sa aka kawo rassan ɓauren Simirna dubbai aka rarraba wa manoman Kalifoniya. Rassan suka kama, itatuwa suka girma, amma kowace shekara sai 'ya'yan su zube. Har wasu suka zaci an cuce su ne da mugun iri. A 1890 wani manomi na Fresno, George Roeding, ya ɗebi garin furen namijin ya sa cikin matan da hannu, suka nuna. Sai a 1899, da Walter Swingle na ma'aikatar gona ta Amurka ya aiko da ɓauren awaki mai ƙwari a ciki daga Aljeriya, sa'an nan al'amari ya daidaita. An yi kusan shekara 20 ana jira. Abin lura a nan shi ne, reshe yana gadon uwarsa duka, da kyanta da bukatarta.

SHUKA IRI

Ƙwayar da ke tsirowa ita ce wadda ƙwaro ya yi wa aiki, galibi kuwa ta busasshen ɓauren Turkiyya ce da a ke sayarwa a kanti. Tsirar da ita ba wuya. A jiƙa ɓauren cikin ruwa kwana ɗaya ko biyu, a murje shi. Ƙwayoyin da suka nutse su ne masu rai, waɗanda suka taso sama a zubar. A yayyafa su bisa lallausar ƙasa mai damshi cikin kasko, a barbaɗa yashi kaɗan, a rufe da gilashi ko leda, a ajiye inda zafi ya kai digiri 20 zuwa 25. Cikin 'yan makonni su kan fito.

Bayan sun fito ne wahalar ta ke. Wajen rabin tsiron maza ne, ba za a ci kome a jikinsu ba. Sauran rabin mata ne, amma galibi su ma sai da ƙwaro, ga shi kuwa babu shi a ƙasar. Har wa yau ba a iya bambanta namiji da tamata ta ganye, sai itacen ya soma 'ya'ya bayan shekaru. Ko a inda ƙwaron ya ke, tsiron iri ba ya fitowa daidai da uwarsa, kamar dai yadda mai shuka ƙwallon mangwaron aure ba ya samun mangwaron da ya sha.

A birnin Sheffield na arewacin Ingila akwai shaidar wannan a fili. Bakin kogin Don, tsakanin tsofaffin masana'antun ƙarfe, akwai manyan itatuwan ɓaure da ba wanda ya dasa. Wani malamin jami'ar Sheffield, Oliver Gilbert, ya bincika asalinsu. Mutanen gari suna cin busasshen ɓaure, ƙwayoyin su bi ruwan ƙazanta su faɗa kogi. A shekarun 1920 kuwa masana'antun suna sanyaya ƙarfe da ruwan kogin su mai da shi da ɗumi, har ya kan tsaya wajen digiri 20. Ɗumin nan ne ya tsirar da ƙwayoyin. Itatuwan sun rayu, sun yi rassa da inuwa, mutanen gari suna alfahari da su, amma ba su zama lambun ci ba.

Masu amfana da iri su ne masu neman sabon nau'i. Ira Condit na jami'ar Kalifoniya, wanda ya wallafa bayanin nau'o'in ɓaure wajen 700 a 1955, ya shuka ƙwayoyi masu ɗimbin yawa yana zaɓe yana zubarwa kafin ya fid da wanda a ke kira Conadria. Wannan aikin mai faɗin fili ne da tsawon shekaru.

ZAƁEN UWA

Tun da reshe gadon uwarsa ya ke yi, aikin farko shi ne sanin uwar. Masu lambun Ingila sun fi dogara ga nau'i uku: Brown Turkey, wanda ya fi kowanne yawa, da Brunswick mai manyan 'ya'ya, da White Marseilles, watau irin na fadar Lambeth. A arewacin Amurka akwai Chicago Hardy, wanda ko sanyi ya kashe shi har ƙasa ya kan sake tohowa daga gindi ya yi 'ya'ya a shekarar. Duk waɗannan gama gari ne, kuma suna nuna da wuri.

Amma suna a takarda bai kai gani da ido ba, gama nau'i ɗaya ya kan yi suna uku ko huɗu, masu sayarwa kuma su kan rikita su. Abin da ya fi shi ne mutum ya nemi itacen da ke unguwarsu wanda aka ga 'ya'yansa sun nuna shekara da shekaru, ya roƙi mai shi reshe. A duba ganyen uwar tun yana kore. In yana da dabbare-dabbare rawaya, ko ya murɗe, alamar wata cuta ce da ke bin reshe duk inda aka kai shi, sai a nemi wata uwar.

YANKAN RESHE

Lokacin yanka shi ne sa'ad da itacen ke barci, daga watan Nuwamba da ganye ya zube har zuwa Maris kafin ya toho. Ga yadda a ke yi.

Na ɗaya, a zaɓi reshen da ya fito a shekarar da ta wuce, wanda ya ƙosa ya yi launin toka, kaurinsa kamar ɗan yatsa. Kore shar mai taushi ruɓewa ya ke yi.

Na biyu, a yanka da wuƙa mai kaifi mai tsabta, tsawon inci 8 zuwa 12, watau wajen taƙi guda, da gaɓa uku ko huɗu a jiki. A gaɓa ne ido ya ke, a nan kuma saiwa ta fi fitowa.

Na uku, gindin a yanke shi a miƙe dab da ƙarƙashin gaɓa, kan kuwa a yanke shi a karkace bisa ido. Amfanin haka biyu ne, ruwa ba ya kwanciya a kan, kuma ba a rikita sama da ƙasa. Reshen da aka dasa kai ƙasa ba ya yin kirki.

Na huɗu, a haɗa yashi mai tsakuwa da ruɓaɓɓen takin ganye, rabi da rabi, a zuba cikin tukunya mai zurfi mai huda a gindi. A soka reshen, kashi biyu cikin uku a ƙasa, ido ɗaya ko biyu a waje. A danna ƙasar, a ba da ruwa sau ɗaya sosai.

Na biyar, a rubuta sunan nau'in da ranar dashe a maƙala, gama rassan ɓaure duk kamarsu ɗaya. Mai son itace biyu ya dasa reshe biyar ko shida, don ba duka ke kamawa ba.

A yi hankali da farin ruwan nan mai kama da nono da ke fita in an yanka. In ya taɓa fata, rana kuma ta buga wurin, ya kan ƙone ta har ta yi bororo. A sa safar hannu, ko a wanke da sabulu nan da nan.

SANYI KO ƊUMI

Daga nan hanya biyu ce. Ta fari ita ce ta haƙuri. A ajiye tukwanen cikin akwati mai murfin gilashi a gindin bango, ko cikin rumfar da sanyi ba ya daskarar da ƙasa, a bar su duk hunturu. Ba su yin kome sai ƙasa ta soma ɗumi wajen Afril da Mayu, sa'an nan saiwa ta fito. Ba ta cin kuɗi, ba ta kuma bukatar tsaro da yawa.

Ta biyu ita ce ta gaggawa. A adana rassan cikin yashi mai ɗan damshi a wuri mai sanyi, ko a naɗe su a sa a firji, har zuwa Fabrairu ko Maris. Sa'an nan a dasa su cikin ɗaki, a ɗora tukwanen bisa abin da ke ba da ɗumi daga ƙasa, wajen digiri 21 zuwa 25. Cikin mako uku zuwa shida saiwa ta kan fito. Dabarar ita ce gindi ya fi kai ɗumi. In iskar ɗakin ta fi ƙasar tukunyar zafi, sai ganye ya riga saiwa fitowa. Mai lambu ya ga kore ya yi murna, alhali reshen guzurin jikinsa ya ke ci, bayan mako biyu ya yanƙwane. Don haka ganye ba shaida ba ne. Shaida ita ce a ga farar saiwa ta leƙo ta hudar tukunya.

Abin da ya fi kashe dashe shi ne yawan ruwa. Reshen da ba shi da saiwa ba ya sha, ruwan sai ya kwanta ya ruɓar da gindinsa. Ƙasar ta kasance da damshi kamar tsumman da aka matse. Kada a yi ta tumɓuke shi ana dubawa, gama sabuwar saiwar ɓaure tana karyewa da an taɓa. In ɗan dashen ya fid da 'ya'ya a shekarar fari a cire su, ƙarfinsa ya tafi ga saiwa.

Wanda aka raina cikin ɗaki ba a fitar da shi gaba ɗaya. A Ingila raɓa mai daskarewa ta kan sauka har tsakiyar Mayu. Bayan nan sai a riƙa fitar da shi da rana ana mai da shi da dare, kwana goma ko mako biyu, kāna a bar shi waje. Hunturunsa na fari ya yi shi cikin rumfa, da ruwa kaɗan ƙwarai.

Akwai kuma wata hanya mai sauƙi ga wanda uwar ke gidansa. Cikin Afril ko Mayu a tanƙwaro reshen da ke kusa da ƙasa, a ɗan kankare ɓawonsa ta ƙarƙashi, a danne shi da ƙugiya, a rufe da ƙasa, a bar kansa waje. Uwar tana ciyar da shi har ya yi tasa saiwar, bayan ganye ya zube a raba su. 'Ya'yan gindi da ke tohowa kewaye da uwa su ma a kan haƙo su da saiwarsu a dasa.

WURIN DASAWA

Zafin Landan cikin Yuli, watan da ya fi kowanne zafi, a matsakaici ya kan tsaya wajen digiri 23 da rana. Ɓaure kuwa ɗan rana ne. Saboda haka a ke dasa shi jikin bangon da ke fuskantar kudu, gama a ƙasashen nan rana ta kudu ta ke bi. Bangon ya sha zafi da rana, ya sake shi da dare, ya kuma tare iskar arewa. A bar wajen inci 8 tsakaninsa da bango, a ɗaure rassan a baje kamar mafici, kowanne ya sami rana.

Abin da zai ba manomi mamaki shi ne, a can da gangan a ke ƙuntata wa saiwarsa. Ƙasar Ingila mai damshi ce mai taki, in aka sake shi sai ya yi ta ganye da dogayen rassa masu taushi, 'ya'ya kaɗan, sanyi kuma ya ƙone rassan. Sai a haƙa rami ƙafa 2 faɗi, ƙafa 2 tsawo, ƙafa 2 zurfi, a jera faifan siminti a gefe huɗu, a zuba fasasshen tubali kamar inci 8 a ƙasa don ruwa ya wuce saiwa kuwa ta tsaya, kāna a cika da ƙasa. Wasu su kan bar shi cikin babbar tukunya mai faɗin inci 15 zuwa 18. Wanda aka ƙuntata wa saiwa kuwa tilas a ba shi ruwa a kai a kai lokacin zafi, in ba haka ba ya zubar da 'ya'ya. Takin da ya dace da shi shi ne mai sinadarin fotash, irin wanda ke cikin toka. Takin da ke sa ganye ya yi yawa a rage shi.

TSARON HUNTURU DA CIN 'YA'YA

A ƙasashen Bahar Rum ɓaure ya kan yi 'ya'ya sau biyu a shekara. A filin Ingila sau ɗaya ne. Wajen ƙarshen lokacin zafi 'yan ƙananan 'ya'ya kamar ƙwayar wake su kan fito a ƙarshen rassa. Su ne ke kwana hunturu bisa itace, su kumbura in ɗumi ya dawo, su nuna cikin Agusta da Satumba. Waɗanda suka fito daga baya cikin shekarar lokaci ba ya isarsu. Don haka cikin Oktoba ko Nuwamba a kan cire duk ɗanyen da ya fi ƙwayar wake girma, a bar ƙananan. Wanda ya sassabe kan rassa duka da sunan gyara, amfanin shekara guda ya sare. Gyaran da a ke yi shi ne, cikin Yuni a tsinke kan sabon reshe in ya yi ganye biyar.

Tun da amfanin baɗi a ƙarshen rassa ya ke, su a ke tsarewa. A kan lulluɓe su da tattaka ko buhu daga Nuwamba, a buɗe in sanyi ya karye. Manoman Argenteuil, kusa da Paris, waɗanda suka riƙa ciyar da kasuwannin birnin da ɗanyen ɓaure a ƙarni na 19, dabararsu ta fi haka. Tun itacen yana ƙarami su ke horar da rassansa su kwanta, icce kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. In hunturu ya zo su haƙa ramuka su binne rassan da ƙasa, su tone su in ya wuce. Italiyawan da suka ƙaura zuwa New York su ma sun shahara da naɗe ɓaurensu da tsofaffin barguna, su kifa bokiti a kai. In kuwa sanyi ya yi nasara ya kashe saman itacen, kada a yi saurin tumɓuke shi, sau da yawa ya kan toho daga gindi.

Ɓaure ba ya nuna bayan an tsinke shi. A bar shi sai ya yi laushi, wuyansa ya lanƙwashe, fatarsa ta soma tsagewa. A rufe da raga tun da wuri, gama tsuntsaye ma jira su ke yi.

GA FATAKE DA MA'AIKATA

Reshe abu ne mai sauƙin sawa a jaka, cuta kuma haka ta ke tafiya. A 2013 aka gano wata ƙwayar cuta mai suna Xylella a kudancin Italiya, ta kashe itatuwan zaitun miliyoyi, ɓaure kuwa yana cikin itatuwan da ke iya ɗaukarta. Tun daga Janairun 2021 ba a shiga Ingila da dashe daga ƙasashen Tarayyar Turai sai da takardar shaidar lafiyar tsiro, ko da reshe ɗaya ne cikin akwatin matafiyi. Nijeriya ma tana da hukumar killace tsirrai da dabbobi, wadda a ke neman izninta kafin a shigo da irin wannan kaya. Mai sayen ɗan ɓaure a gandun reno kuma ya tambayi sunan nau'in, ya tambaya ko daga reshe aka tashe shi. Mai sayarwa da ya kasa amsa waɗannan biyu, a wuce shi.

Manomin nan ƙasar da ya sami ɓauren lambu ta hanyar da doka ta yarda, ba shi da damuwar ƙanƙara, ba ya bukatar bango ko bargo. Amma sauran ka'idodin ba su sake ba. Ƙwayar busasshen ɓauren tsaraba ba za ta ba shi abin da ya ci ba, tun da ƙwaron ɓauren bakin rafi ba ya yi mata aiki. Ya nemi uwar da aka ga ta nuna ba tare da ƙwaro ba, ya yanko reshe ƙosasshe mai gaɓa uku ko huɗu, ya dasa shi kai sama cikin ƙasa mai yashi a inuwa, ya tsare hannunsa daga yawan ban ruwa, ya jira sai ya ga saiwa tukuna ya fitar da shi rana.